Ƙararrawar da ba ta san gidanmu ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Salamatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, ina roƙon Allah ya sa wannan ta tarar da ke cikin ni'ima. Ni ne autanki, Ilyasu, mai zem, wato babur ɗin haya, a bakin kasuwar Arzeke ta Paraku. Labarin Yaya Rakiya na kawo miki.

Kin tafi kin bar ta tana koyarwa a aji. Yau ita ce ke riƙe da makarantun firamare na yankin Jugu gaba ɗaya. Inna, na ga dattawa masu furfura suna miƙewa tsaye idan ta shigo. Rakiyarki, wadda kike aika niƙa.

Kwanaki aka kai mata maganar wata lekol, makarantar boko, a wani ƙauye bayan Pelebina. Wai a rufe ta, don Fulanin wurin ba sa turo yara. Sa hannunta kaɗai ake jira.

Ta kira ni ina Paraku, ta ce in zo da babur. Na tambaye ta ina motar gwamnati. Ta ce, “Auta, motar nan ta fi ni baki. Kafin in isa an aro yaran maƙwabta an cika benci, in dawo ban ga komai ba.” Ta yafa tsohon mayafinki mai ruwan ƙasa, ta hau bayana kamar mai zuwa saron doya. Duk ramin da na faɗa sai ta dungure ni ta ce ko tuƙin ma rabi na karanta.

Mun isa da hantsi. Ajin wayam, sai malamin da awaki biyu a inuwa. Na ce a raina shi ke nan, ta gani, mu juya. Ba ta juya ba. Ta zauna a gindin ɗorawa, ta sayi nono wurin wata tsohuwa, tana sha tana tambayar lafiyar shanu. Ko kalmar makaranta ba ta furta ba.

Rana ta kusa tsaka sai ga yaran suna ɓullowa daga cikin dawa, da gudu, ƙafa duk laka da kashin shanu, allo a hammata. Sun gama tatsa, sun raka garke bakin rafi. Suna isowa malamin yana buga ƙarfen tashi, don lokacin hutu ya yi. Wata ƙaramar yarinya ta tsaya tana haki, tana kallon ƙofa ana rufewa.

Na kalli Yaya. Wallahi fuskarki na gani, irin ta ranar da aka koro ni daga lekol saboda makara, lokacin da nake taya Baba sauke buhunan masara da asuba. Kin tuna abin da kika ce wa maƙwabta? “Kan yaron nan lafiya lau. Ƙararrawar ce ba ta san gidanmu ba.”

Ta ƙi sa hannu. Ta ɗauki maganar har Porto-Novo, babban birnin ƙasa, ta nemi a bar irin waɗannan makarantu su fara bayan an saki shanu. Aka ce mata agogon ƙasa ɗaya ne. Wasu suka ce kujerarta take wasa da ita. Ta je ta dawo, ta sake komawa, har ta rame. Ni da na ɗauka aikin manya zama ne a ofis mai sanyi, sai na ga ashe haƙuri ne irin naki da murhu ranar da itace ya jiƙe.

An yarda a gwada.

Makon jiya na kai fasinja wajen. Na kashe babur na tsaya. Ajin cike, muryoyi har bakin hanya, yarinyar nan a bencin gaba. Na kira Yaya, na ɗaga wayar sama don ta ji. Ta saurari karatun yaran. Sannan ta ce, “Taka ƙararrawar ce na makara ban gyara ba, Auta.” Na ce mata ba komai, waɗannan ma namu ne.

Allah ya haskaka kabarinki, ya kai miki ladan kowane harafi da suke karantawa. Ya riƙa wa Yaya, ya tsare ta daga masu jin haushi. Amin.

Autanki da ke kewarki kullum,
Ilyasu