Gida Talatin da Takwas da Aka Ƙirga Sau Biyu

Anti, don Allah ki taimake ni, kafin in zama ta farko da aka kora daga aiki saboda yawan ƙirge.

Wata biyar da kwana sha ɗaya ke nan da na gama digiri a fannin lafiyar al'umma, na samu gurbi a ofishin wata Farfesa. Baiwar Allahn nan ta shekara talatin tana bincike. Takardarta da ta fi fice ta nuna cewa rufe mazubin ruwan sha ya rage gudawar yara da kashi talatin da ɗaya cikin ɗari. Masu bincike sun ambace ta sau ɗari huɗu da sha biyu. Na duba jiya, na sake dubawa yau.

Alhamis mai zuwa za a karrama ta, aka ce in rubuta tarihin aikinta, shafi ɗaya. Shafi ɗaya fa, Anti! Mai hankali zai kwafi abin da aka saba faɗa ya tafi gida. Ni kuwa, da Mama ke cewa tun ina ƙarama ba na hawa bene sai na sanar da ita yawan matakalarsa, sai na karɓi makullin sito na sauko da kwali goma sha huɗu na takardun tambayoyin asali na wancan binciken. Ba wanda ya aike ni. Kwana shida ina atishawa.

Ga abin da na tono wa kaina. A wata unguwa ma'aikata biyu ne suka yi aikin, ɗaya ya faro daga gabas, ɗaya daga yamma, kowa na sa lamba da alli a ƙofar gidan da ya gama. Da alama ruwa ya wanke allin, don takardun makon da suka yi aikin duk da tabon jiƙa. Gida talatin da takwas aka shiga sau biyu: mai gida ɗaya, yara ɗaya, lamba daban. Na cire su, na sake lissafi har sau huɗu. Kashi ashirin da bakwai nake samu.

Tsorona shi ne, Farfesa ce za ta rubuta min takardar shaida ta neman digiri na biyu a wata mai kamawa. Ni da har yau in ta shigo sai na miƙe na buge gwiwa da tebur, ni ce zan ce mata lambarta ba daidai ba? Yayata ta ce in mayar da kwalayen in yi bakam, wai kashi huɗu bai taɓa kashe kowa ba. Na gwada buga talatin da ɗaya a shafin, yatsana ya ƙi. Jiya na yi minti bakwai a ƙofar ofishinta, da ta buɗe sai na ji bakina yana tambayarta ko za ta sha shayi. Ta ce za ta sha. Na je na dafa.

In faɗa ko in haɗiye?

Mai Ƙirgen Matakala

Ƙanwata,

Ki faɗa mata, kuma kafin Alhamis.

Yayarki ba ta yi ƙarya ba. Murfi yana nan yana aikinsa, babu yaron da lambar ta cuta. Tsoronki ma a kan hanya yake, don ba kowane babba ke son gyara daga wadda ta zo jiya ba. Ba zan rantse miki cewa za ta yi murna ba. Wataƙila ta ɗaure fuska kwana biyu.

Amma ki duba ɗaya ɓangaren. In kika yi shiru, da hannunki za ki rubuta abin da kika san ba haka yake ba, a takardar farko da ta fito daga gare ki. Kuma makullin sito ba ke kaɗai za ki taɓa karɓa ba. Gara ta ji daga ɗalibarta a ɗaki da ta ji daga baƙo a zauren taro.

Ki nemi minti goma ku biyu kawai. Kada ki fara da cewa an yi kuskure. Ki ajiye mata takardun gida uku gefe da gefe, ki ce abin ya ɗaure miki kai, ki roƙe ta ta duba lissafinki, don ke ma kina iya tuntuɓe. Gyara a mujalla abu ne da masu bincike suka saba, kuma ita za ta yanke yadda za a yi. A shafin naki, ki rubuta lambar da kuka tsayar tare.

Batun takardar shaida kuwa, matar da ta adana kwali goma sha huɗu shekara da shekaru ba mai gudun a duba aikinta ba ce. In ma ta hana, akwai wasu malamai, kuma za ki nema da kanki a ɗage.

Shayin kuma ki dafa shi tun kafin ki ƙwanƙwasa, don bakinki ya rasa mafaka. Allah ya ba ki sa'a, ya kuma yaye miki atishawar.

Anti