Ramukan Wata a Faifan Inna

Zuwa ga sanyin idanuna, inuwata a tsakiyar bazara, ƙamshin ƙasar ruwan farko, Yaya Abdulƙahhar,

Assalamu alaikum. Ka yi haƙuri da rubutun.

Ka tuna ranar da ka shigo gaida Inna tare da yayana Ishaƙ, kuka tarar ina tankaɗe? Bayan la'asar ne, wata ya fito tun rana ba ta faɗi ba. Na tambayi Yaya Ishaƙ me ya ɓata wa wata fuska haka, ya ce shi ina ya sani. Kai kuwa ka tsinci tsakuwa, ka sake ta cikin garin geron da ke faifai. Rami ya buɗe, gari ya fantsama. Ka ce haka duwatsu suka yi ta faɗo masa daga sararin sama. Baƙin tabon nan kuma narkakken dutse ne da ya ɓulɓulo daga cikinsa tun zamanin da, ya malale, ya huce, ya daskare. Ka ce can ba iska, ba ruwan sama, ramin da aka yi ba mai share shi. Inna na ta faɗan an ɓata mata gari, ni ko ina ɓoye dariya a hijabi.

Wayyo ni! Ashe a ƙirjina tsakuwar ta sauka.

Da ka aiko a yi sallama da ni, wallahi ina ɗaki, har na sa kwalli. Hannatu, 'yar ƙanwar Inna, ce ta ce mace mai aji ba ta fita a kiran farko, haka ma na sha karantawa. Na ce a ce ba na nan. Ka dawo, na maimaita. A littattafai namiji ba ya gajiya da dawowa. Kai me ya sa ka gaji?

Yanzu Yaya ya ce ranar kasuwar Maigatari za ka bi motar Bappanku zuwa Damagaram, can za ka zauna a shagonsa. Wutar da ke tafasa a cikina ta rasa mafita. Haka zan huce, in daskare a Gumel, ana ganina kamar lafiya ƙalau?

Don girman Allah ka zo kafin ranar. Wataƙila kunya ta hana ni ɗago kai, amma zan fito. Ni da ko sunanka ba na iya kira a gaban Inna, jiya na faɗa mata komai da bakina. Ta dube ni, sannan ta ce in je in share zaure.

Na share.

Taka, ko ka zo ko ka tafi, har ƙasa ta rufe idona,
Mansura