Rakiyar Mai Agogo

Juma'a

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ciwon gwiwar nan ya sassauta, yara da jikoki kowa ƙalau. Mun sauka lafiya. Na san zan riga takardar nan isowa gida, amma wanda ya yi shekara talatin yana kai wasiƙun mutane, a bar shi ya rubuta tasa ko sau ɗaya.

Kin tuna abin da wanzami ya faɗa mini watan jiya, yana riƙe da kunnena? Wai Mai Agogo ya miƙa makullin shagonsa, zai koma wurin autarsa mai aikin jinya a wannan birni. Na ce masa bakinsa ya fi askarsa kaifi. Mutumin da muka yi shekara arba'in muna zama benci ɗaya bayan la'asar, in zai tashi ai ni zai fara faɗa wa. Da ya zo ya ce in shirya mu je kwana huɗu mu buɗe ido, har daɗi na ji, don mai ƙaura ba ya gayyatar mutum yawo.

To, abu biyu sun tsaya mini. Akwatinsa sai da mutum biyu suka kama. Ya ce tsarabar jikoki ce. Na biyu, awa ɗaya ce tsakanin lokacinmu da na mutanen nan. Jirgi na taɓa ƙasa ya cire agogonsa ya juya. Shi da ya sha yi wa matafiya faɗa cewa ba a wahalar da agogo don tafiyar kwana uku, a ka ake lissafi. Na tuna masa, ya ce tsufa ne, kai ya daina ɗauka. Ni dai nawa yana kan lokacinku.

Masaukin ba laifi. Gado biyu, taga ɗaya mai kallon bango, da wata tattabara da ta riga mu zuwa.

Ki gaida kowa.
Naki, Masinja

Lahadi

Uwar 'ya'yana,

Gaisuwa da fatan kin tashi lafiya. Ni ma ƙalau, sai ƙafa da ta sha tafiya.

Jiya mun hau wata bas marar rufi da ke zagayawa da baƙi. An nuna mana gada, da kogi, da wata hasumiya mai agogo wanda fuskarsa ta kai tsakar gidanmu. Na zungure shi na ce ga yayanka can. Bai ɗaga kai ba. Yana tambayar na kusa da shi wace bas ce ke bi ta asibiti, kuma ina ake sayen burodi da safe. Kin san baƙo sama yake kallo, mai zama kuwa ƙasa. Ni wuyana ya ƙage don kallon gine-gine, shi yana ƙirga matakala.

Da azahar autar ta zo ta kai mu gidanta, hawa na huɗu. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta cika mini faranti har na ji kunya. Na tashi neman wurin wanke hannu na buɗe ƙofar da ba ita ba. Ƙaramin ɗaki ne, labule sabo, gado a gyare, kusa da taga an ajiye tebur da fitila mai lanƙwasa wuya irin ta shagonsa. Akwatin nan na tsaraba yana ƙasa a buɗe, cike da rigunansa. Na ja ƙofar a hankali, na koma na cinye abincina tas.

Can ya kwana, wai jikoki sun riƙe shi. Da safe ya aiko cewa in je kogi shi zai same ni. Na karɓi tikiti biyu na jirgin ruwa, na jira har aka busa. Na shiga ni kaɗai. Kowa da nasa: mata da miji, ɗalibai, wasu tsofaffi biyu suna faɗa a kan lema. Su na fi kallo, ba kogin ba. Duk abin da na gani sai in juya dama in faɗa, in tarar da hular da na ajiye masa don kama wuri. Wata baiwar Allah ta karɓi wayata ta ɗauke ni hoto. Za ki gani, na tsaya a gefe guda kamar mai jiran wani ya shigo.

Na shirya maganar da zan yi masa gobe. Doguwa ce, kuma ba mai daɗi ba.

Naki, Masinja

Litinin, filin jirgi

Uwar 'ya'yana,

Ina gaishe ki, ina fata gida lafiya. Saura awa biyu a kira mu, shi ya sa na sake ɗaukar biro.

Ya zo masauki da hantsi, shi da autar. Kafin in buɗe baki ya ce in miƙo agogona, tun a gida ya lura yana baya da minti biyar. Ya zauna bakin gado, ya fito da 'yar wuƙarsa zai buɗe murfin. Hannun ya ƙi. Sau uku wuƙar tana zamewa. Mutumin da na gani yana ɗaukar ƙusar da ta fi ƙwayar gero ƙanƙanta. Na juya ina kallon tattabara har ya gama fama. Ya miƙo mini ya ce ƙalau yake, minti biyar ba ya kashe kowa.

Da ya shiga banɗaki autar ta matso ta ce, Baba, sau biyu yana faɗuwa a ɗaki shi kaɗai tun rasuwar Inna, bai gaya wa kowa ba. Ta ce shi ya nace sai da ni zai taho, ba zai iya fita daga unguwa ina zaune a benci ina kallonsa ba. Sai doguwar maganar tawa ta bi ruwa. Ashe rakiya na yi, aka ba ni kogi da hasumiya ladan ƙafa.

A mota mun yi hirar banza: tsadar wurin, sanyinsa, yadda mutanensa ke gudu kamar an biyo su. Ya ce na yi ƙiba a kwana uku. Na ce shi ya rame don rowar 'yarsa. Ta yi dariya, mu ba mu yi ba.

Ki faɗa wa wanzami ya ci gari, zan kawo kaina ya aske ya more. Shi ya fara faɗa mini, na ƙaryata. 'Yar ta faɗa, na haɗiye faɗana. Kuma yanzu na gane har ke kin sani, ranar da kika sa mini rigar da na fi so a jaka ba ki ce komai ba.

Wanda ya faɗa mini a ƙarshe shi ne shi kansa. Mun zo ƙofar da mai rakiya ba ya wucewa, na sa ƙafa ciki, na waiwaya na ga ya tsaya. Ya kama hannuna da hannun nan da ya kasa buɗe murfi, ya ce, "Masinja, ka gaida mutanen gida."

Na ce za su ji.

To, ga shi kin ji. Sai na iso.

Mijinki,
Masinja