Na saka sirrin Gwaggona a wasan talabijin

Assalamu alaikum Anti, da ke da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a bi ni a hankali, na riga na zagi kaina har na gaji.

Ni 'yar Kurfi ce, ina koyarwa a Dutsin-Ma. A gida ba wanda ya san ina cikin marubutan wani wasan barkwanci na talabijin, labarin wani ofis da aikinsa wanke sunan taurari in sun yi abin kunya. Ta waya nake tura rubutuna, da sunan aro. Ni da burina waƙa, ga ni ina ƙirƙirar abin kunya duk mako.

Lokacin da nake karatu a Kano, Gwaggona, wadda ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyata, ta tashi tafiya Hajji ta hannun wani ejan. Har tasha aka raka ta, mata na ba ta saƙon addu'a. Da ta iso Kano, ejan ya ɓace. Ta zo ɗakina ta zauna a kan akwatinta ta ce, "Ɗiyata, da wane ido zan koma Kurfi?" A ɗakin nan ta ɓuya har alhazai suka fara dawowa. Ni na sayo dabino da carbi a kasuwa, ni na raka ta aka sa mata haƙorin Makka. Tun daga ranar Hajiya ake kiranta, kuma daga ni sai ita sai Allah.

Bana darakta ya matsa mini, wai labaraina sun yi sanyi, kaina kuwa ya bushe. Sai na ɗauki wannan sirri na Gwaggo na ɗora wa wata mawaƙiya a wasan, 'yan ofis na ta faɗi-tashin rufa mata asiri. Na ce a raina, wa zai gane? Har maganar Gwaggo na saka, wadda take faɗa in an tambaye ta Makka: "Ai sai wanda ya gani." Wace irin ɗiya ce ke yin haka?

Ranar Asabar na je gida, na tarar da matan unguwa a ɗakinta suna kallon maimaicin wasan. Wata maƙwabciya na dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Hajiya, ji 'yar banza ta sace miki magana!" Gwaggo ta ja mayafi ta rufe bakinta. Ba ta sake buɗe shi ba har suka watse.

Sannan ta kamo hannuna ta ce, "Allah ne ya nuna mini kaina, ɗiyata. Ran Juma'a zan faɗa wa Malam, a cire mini haƙorin nan. Ke dai kin riƙe amana, Allah ya yi miki albarka." Malam yayanta ne, mahaifina, limamin unguwarmu.

Na amsa da amin, Anti. Da bakina.

In na yi shiru, za ta tona kanta tana zaton ishara ce daga Allah. In na faɗa, wataƙila sunan Hajiya ya tsira, amma ta san hannun da take riƙewa shi ya sayar da ita. Yau Laraba. Me zan yi?