Daraktana ya yi rajistar sunan sabulun Mama Ladi, an ce in rufe baki

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Admin don Allah a ɓoye sunana, sunayen da zan kira ma duk na canza su. Don Allah ku ba ni shawara, saboda yadda zuciyata ke tafasa kwanan nan ina tsoron in yanke hukunci cikin fushi.

Ni ma'aikaciyar gwamnati ce a nan Katsina, a wani ofis da ke hulɗa da ƙananan 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu. A Ƙofar Guga aka haife ni, a nan na girma. Gidan da ke manne da namu na wata mata ne da za mu kira Mama Ladi, 'yar kudancin Kaduna ce, Kirista, aikin koyarwa ya kawo mijinta Katsina tun ba a haife ni ba, kuma a nan ya rasu. Matar nan ta goya ni. Lokacin da Inna ta yi doguwar jinya, a ɗakin Mama Ladi muke cin abinci ni da ƙannena, ita ke mana kitso, ita ke raka mu Islamiyya har bakin ƙofa ta juya. Sana'arta sabulun salo, tana haɗa shi da man kaɗanya da zuma a bayan gidanta. Marigayi mijinta ne ya zana mata hoton zabuwa a 'yar takardar da take naɗe sabulun, shi ya sa kowa ke ce mashi Mai Zabuwa. Duk macen da ta yi jego a unguwarmu ta san Mai Zabuwa, masu shago daga Ƙofar Kwaya har Gobarau suna zuwa sari. Da shi ta yi wa 'ya'yanta makaranta.

Daraktan ofishinmu kuma aminin mahaifina ne. Shi ya tsaya mani na samu aikin nan bayan rasuwar Baba, shi ne waliyyina ranar aurena. A ofis ina ce mashi Yallaɓai, a gida Baba Alhaji. Na faɗi wannan ne don ku gane inda abin ya ɗaure.

Bara aka buɗe wani kwas a wata ƙasa ta Turai, na horar da jami'an gwamnati daga ƙasashe masu tasowa kan dokar mallakar fasaha, wato yadda ake kare sunan kaya da tambarinsu, da sabon abin da mutum ya ƙirƙira, da zanen siffar kaya, don kar wani ya kwaikwaya ya ci da guminka. Gurbi biyu aka ba mu. Na rubuta jarrabawa na samu ɗaya, ɗayan wani abokin aikina ne ya ci, amma da tafiya ta matso sai muka ga sunan Darakta a madadinsa. Wa zan kai wa ƙara? Muka tafi. Ni kullum ina aji tare da mutanen Kenya da Bangaladash da sauransu, ina rubutu kamar hannuna zai cire, shi kuwa Yallaɓai sai ya sa hannu a takardar halarta da safe ya fice kasuwa sayen agogo da takalma.

Ana gab da gamawa aka ce kowace ƙasa ta kawo misalin wani kaya na gida da ya yi suna amma ba a yi mashi rajista ba. Dama na taho da sabulun Mama Ladi a jakata don wanka, sai na ɗauke shi na kai. Na tsaya gaban aji na ba da labarinta kaf, shekarun da ta yi tana yi, yadda mata ke nemansa, labarin zabuwar. Sabulun ya zagaya hannu hannu ana shinshinawa. Malamar da ke koyar da mu ta ce in na koma gida in gaggauta taimaka mata ta yi rajista, don sau da yawa wanda ya riga kai takarda shi ake fara saurara, mai abin na asali kuma sai ya sha wahala kafin ya ƙwato haƙƙinsa. Ranar ce kaɗai Darakta ya zauna aji daga farko har ƙarshe, saboda ranar ake ɗaukar hoton rufe kwas. Har tafa mani ya yi. A jirgi yana ce mani na fitar da Katsina kunya.

Da muka dawo ban zauna ba. Na tsara yadda ofishinmu zai taimaka wa mata masu sana'a su yi rajistar sunayen kayansu a Abuja, na sa Mama Ladi a farko, na kai mashi har da takardar naɗin sabulun mai hoton zabuwa. Ya duba ya yaba, ya ce in bar fayil ɗin wurinsa, a dakata sai an saki kuɗin aiki. Duk lokacin da na tuna mashi sai ya ce ɗiyata aikin gwamnati ba a mashi gaggawa. Har na ce ko in yi wa Mama nata ni kaɗai, ya ce a'a, zai fi kyau a yi su gaba ɗaya da sunan ofis, a kira 'yan jarida. Na yarda, don mutumin da ya ba da aurena ne ke magana.

Makonnin baya na shiga wani shago a Ƙofar Kwaya, sai na ga sabulu cikin kwali mai ƙyalli, an rubuta Mai Zabuwa, ga zabuwar nan sak, har ɗan karkacewar wuyanta. Wallahi murna na yi, na ɗauka 'ya'yanta ne suka haɗa mata kwali. Na saya na wuce gidanta in yi mata barka. Na tarar da ita zaune gaban tukwanenta babu wuta. Ta karɓi kwalin ta juya shi, ta ce ba nata ba ne. Ta ce wani saurayi ya bi shaguna da mota yana gaya masu cewa sunan yanzu na kamfaninsu ne, an kai takarda Abuja, duk wanda aka kama yana sayar da na tsohuwar nan zai gamu da hukuma. Masu shago suka tsorata suka dawo mata da kayanta. Har gidan ya zo ya faɗa mata ta daina amfani da hoton. Na ce ta san shi? Ta ce, "Yaya ba zan san shi ba, ɗan Alhajinku ne, na wajen Hajiya babba. Da sabulun nan aka yi mashi wankan jarirai."

Washegari na shiga ofishin Darakta. Na gaishe shi yadda na saba, na ajiye kwalin a kan tebur. Ina tsammanin zai ce bai sani ba, ko ya ce yaro ne ya yi shirme. Ko kusa. Ya ce in zauna, ya ce ai ni na ji da kunnena abin da baturiyar malamarmu ta faɗa, wanda ya riga shi ke da abu, su ba su karya doka ba. Ya ce matar da ke dama sabulu a tukunya ba za ta taɓa kai sunan nan ko Zariya ba, su kuwa za su kai shi Legas, za su ɗauki matasa aiki, in tana so ma a ɗauke ta ta riƙa duba ma'aikata ana biyanta. Na ce Yallaɓai mijinta ne ya zana zabuwar nan da hannunsa, kuma daga fayil ɗina aka ɗauke ta. Sai ya ce wai mi ya yi mani zafi haka a kan matar da ba 'yar garin nan ba, gobe tana iya tattara kayanta ta koma garinsu. Matar da ta binne mijinta a Katsina, ta riga ni shan ruwan garin nan. Na miƙe tsaye. Da zan fita ya ƙara da cewa sunana na kan teburinsa na zagaye na biyu na kwas ɗin, in yi tunani da kyau.

Abin bai tsaya nan ba. Sabulun nasu ba sabulun kirki ba ne, soda ce zalla da turare. Wata mata ta yi wa jaririnta wanka da shi jikinsa ya feso da ƙuraje, ta zo ƙofar gidan Mama Ladi tana zage zage gaban jama'a, wai ta tsufa ta fara ha'inci. Sai da maƙwabta suka fito suka yi mata bayani. Sun ƙwace mata suna, sun hana ta ciniki, kuma zagin da ya kamata su sha ita ke sha.

Babbar ɗiyarta ta samo wani lauya a cocinsu, na je mun zauna da shi. Abin da ya faɗa shi ne abin da na riga na sani daga kwas ɗin: rajistar ba ta kammala ba, an dai buga sanarwa, kuma akwai wa'adin da doka ta bayar na shigar da ƙorafi, ya kusa cika. Wanda ya daɗe yana amfani da suna yana da haƙƙi, amma sai ya kawo hujja. Mama ba ta ajiye rasit, masu shagon da za su yi shaida kuma duk sun noƙe, ba mai son rigima da gidan Alhaji. Lauyan ya ce hujja mafi ƙarfi ni ce. In na yi takardar rantsuwa a kotu cewa a gabana Darakta ya ji labarin sabulun, kuma ni na miƙa mashi hoton da hannuna a ofis, zai nuna sun san mai abin suka ɗauka da gangan. In babu ni, ya ce za su gwada amma ba ya ba su tabbas.

Na kai maganar gida, nan ma wani baƙin cikin. Inna ta yi kuka, ta ce ta san an zalunci Ladi, ta fi kowa sanin alherinta, amma Alhaji ne ya rufa mana asiri lokacin da dangin Baba suka watse, in na kai shi kotu da wane ido za ta kalli Hajiyarsa a wurin biki. Ta ce in bar wa Allah. Maigidana ya ce ba zai hana ni ba, amma in sani ma'aikacin da ya yi shaida a kan ubangidansa ƙarshensa canjin wurin aiki zuwa ƙauyen da ko mota ba ta zuwa, ga yara ƙanana, kuma ba wanda zai ƙara yarda ya ba ni fayil. Yayana kuwa cewa ya yi in aka ji na tsaya wa wata a kan waliyyina, sunan butulu zai bi ni har 'ya'yana. Na aika wani dattijo abokin Baba ya je ya roƙi Alhaji a asirce ya janye, ya dawo ya ce mani wai ya ce maganar yara ce, shi ba ruwansa da kamfanin ɗansa.

Kun san abin da ya fi ƙona mani rai? Wata mai zuwa ofishinmu zai tara jami'an ƙananan hukumomi a koya masu wannan dokar, su je su wayar da kan masu sana'a. Darakta ne babban mai jawabi, a matsayinsa na wanda ya je Turai ya karanto. Ni aka ba aikin rubuta mashi jawabin. Ina zaune gaban kwamfuta ina rubuta yadda za a kare talaka daga masu satar suna, don ya tashi da babbar riga ya karanta a tafa mashi. An ɗauke mu an kai mu wata ƙasa don mu dawo mu tsare wa mutane haƙƙinsu, shi darasi guda ya zauna ya saurara, kuma da shi ya yi wa tsohuwa fashi.

Shekaranjiya na je wurin Mama da nufin in ce mata na yanke shawara zan sa hannu, duk da ban gama yankewa ba. Ban kai ga buɗe baki ba ta riga ni. Ta ce ɗiyarta ta faɗa mata abin da lauya ke so in yi, kuma ita ba ta yarda ba. Ta ce, "Ke ɗiyata ce, ba zan so a ce ta dalilina kika rasa aikinki ko kika ɓata da mutanenki ba. Ni na tsufa. In zabuwar suke so su riƙe, zan naɗe sabuluna a farar takarda, mai sanina zai zo." Tana faɗa tana kankare tukunyar da ta yi makonni ba ta ɗora ba. Na fito gidan ina jin kamar in wuce kotu kai tsaye. Kowa na gidanmu yana tunanin abin da za mu rasa, ita da aka cuta ita ce ke tunanina.

To 'yan uwa ga inda nake. Wa'adin ƙorafin saura kaɗan, lauya na jiran amsata kafin ƙarshen makon nan. In na sa hannu, na san Inna za ta daɗe ba ta yafe mani ba, aikina na iya lalacewa, kuma ba ni da tabbacin za a ci nasara. In na yi shiru, zan ci gaba da gaishe da mutumin nan kullum da safe, in tafi zagaye na biyu na kwas in ƙaro ilimin da na kasa kare mutum ɗaya da shi. Masu ilimin addini ku faɗa mani, alherin da ya yi wa gidanmu ya isa ya sa in ɓoye shaidar da na gani da idona? Lauyoyi da ma'aikatan gwamnati na cikin zauren nan, akwai wata kariya ga ma'aikacin da ya yi irin wannan rantsuwar, ko wata hanyar da za a bi ba tare da sunana ya fito ba? Kuma in na tashi yi, in faɗa wa Inna kafin in je kotun ko sai na dawo? Don Allah wanda zai ce mani in yi haƙuri kawai, ya haɗa da faɗa mani abin da Mama Ladi za ta ci da shi.