Na Iya Waya, Na Rasa Asabar

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidan da yara da jikoki baki ɗaya. Allah ya ƙara wa ƙafar nan taki sauƙi, ya sa kaffara ce. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Hawan jinin ya lafa tunda aka canza min magani, babbar 'yata ta koma aiki bayan haihuwa, jaririn kuwa ya yi ɓul-ɓul, kamarsu ɗaya da marigayi kakansa har goshin. Na san za ki ce me ya hana ni kira a waya. Na ɗauka na ajiye ya fi a ƙirga, don na san halinki, kafin in kai tsakiyar labari kin fara dariya, ni kuwa abin ba na dariya ba ne a wurina. A takarda dole ki bari in gama.

Maganar Auta ce. Kin sha tambayata wai wane irin aiki yake yi, ni ma na daɗe kafin in gane. Ba gyaran waya yake yi ba, ba kuma shi ke haɗa cikin manhaja ba, wannan akwai masu yinsa a ofishinsu. Nasa shi ne tsara abin da idonki zai gani da inda yatsanki zai taɓa: me za ki fara gani in kin buɗe, wace kalma za a rubuta a kan maɓalli, ta ina za ki koma in kin yi kuskure. Yakan ce in mutum ya ɓace a cikin manhaja, laifin mai tsarawa ne, ba na mai dannawa ba. To kamfaninsu na yin wata ta neman ganin likita, yadda mutum zai kama layi daga gida ba sai ya je ya yini a kan benci ba. Kuma ƙa'idar aikinsu, ba a sakin abu sai an kai wa irin mutanen da za su yi amfani da shi, su gwada ana kallonsu. Da aka ce a nemo dattijan da waya ba ta dame su ba, sai Auta ya ce ai yana da guda a gida.

Haka Asabar ta zama tawa. Da hantsi zai zo da baƙar jakarsa, ya jawo ƙaramin teburin nan na falo, ya zauna a ƙasa dab da ƙafata. Da farko ma ba waya yake kawowa ba, takardu ne ya zana fuskar waya a kansu. Sai ya ce in ɗauka gwiwata ke ciwo, ina son ganin likitan ƙashi, in nuna masa yadda zan yi. In na dangwala yatsa a zanen maɓalli, ya zare takardar ya ajiye wata, wai wayar ce ta buɗe. Sharaɗi biyu ya kafa min. Duk abin da ya zo raina in faɗe shi da ƙarfi, ko da shirme ne, shi kuma ba zai taimake ni ba. In na ce ina zan danna, sai ya ce ni a ganina ina ne, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Yaya, kin san Auta, magana a wurinsa sai an tatsa. Tun rasuwar babansu, in ya zo gaisuwa ce, ya jiki, akwai abin da ake buƙata, sai ya miƙe. Amma a Asabar ɗin nan ido yake zuba min, yana saurare. Daga ciwon gwiwar ƙarya sai in zarce labarin ranar da na goya shi zuwa asibiti yana zazzaɓi, daga nan in faɗa jinyar babansu, yadda muke rasa ganin likita saboda an ce layi ya cika. Bai taɓa katse ni ba, yana gyaɗa kai yana rubutu. Shekarun da na yi ina koyarwa, ban taɓa samun ɗalibin da ya saurare ni haka ba. Da na ce masa rubutun ya yi ƙanana sai da tabarau, mako na zagayowa ya dawo da shi manya, ya ce saboda ni ne. Ba wanda ban gaya wa ba a layinmu, har mai kanti, cewa akwai hannuna a cikin abin nan.

Ga inda na cuci kaina. Ya sha gaya min ba ni ake gwadawa ba, manhajar ake gwadawa. Na ji da kunne, amma bai shiga ba. Ni malama ce, Yaya. Duk wanda ya zauna gabana da biro yana rubutu ina kuskure, to jarrabawa ce, ko me zai kira ta. Kuma ba na son in riƙa lalube a gaban ɗan da na koya wa riƙe fensir. Da suka tashi daga takarda suka koma waya, ya saka min ta gwajin a tawa, sai na mayar da ita karatu. Ina idar da sallah na ɗauka, ina jiran tukunya na ɗauka. Na gano layukan nan uku na kusurwa jeri suke ɓoyewa, na gano kibiya baya take mayarwa, na gano in abu ya yi toka-toka to bai shirya a danna shi ba. Da na ga na iya, har wasu manhajojin na sauke ina gwada hannu. Asabar na zuwa ya ba ni aiki, kafin ya buɗe biro na kama layin likita na miƙa masa wayar, na gyara zama ina jiran yabo.

Ya yaba kam. Ya ce na ƙware, ya yi murmushi, ya rufe littafinsa. Sai da ya sha ruwa sannan ya yi min bayani a hankali, wai su tuntuɓen mutum suke nema, don inda ya yi tuntuɓe nan ramin yake, ni kuma yanzu na san hanya, ko akwai rami tsallakewa zan yi ba su gani ba. Wai suna buƙatar sabon ido. Kin ji fa, an kore ni daga aji saboda na ci jarrabawa.

Kin san wace ce sabon idon? Uwar matarsa. Kin tuna ta, Hajiyar Bene, wadda ta riƙe ki da labarin ciwon sugarta a ranar ɗaurin aurensu har kika rasa hanyar gudu. Matar da ko kashe kira ba ta iya ba, in kun gama magana sai ki yi ta jin ta tana faɗa da mai aikinta. To yanzu ita ce gwana, don ba ta san komai ba. Asabar biyu ban ga ƙeyar Auta ba, sai ga kiranta, wai ta kira ne ta yi min godiya da na haifi yaro mai haƙuri. Wai a ƙasa yake zama dab da ƙafarta, tana ba shi labari yana rubutawa, wai har launin wani maɓalli ya canza saboda ta ce ba ta ganinsa. Na ce madalla, Allah ya yi masa albarka, na ajiye wayar. Ba zan ɓoye miki ba, kishi ne ya turnuƙe ni, irin wanda ban san akwai sauransa a jikina ba. Abin da ya fi ƙona min rai, ba da gayya take yi ba. Da mugunta ce da na san yadda zan yi da ita.

Sai na ƙulla dabara. Na kira shi na ce ai tsufa ya zo, duk abin da na koya ya gudu, ya zo ya sake gwada ni. Ya zo, ina jin don kunya. Na cire tabarau, na ƙanƙance ido, ina dangwala nan ina dangwala can, ina cewa ni kam ban gane ba. Ina cikin haka wani saƙo ya faɗo saman wayar, babban yatsana ya share shi gefe ban ma kalla ba. Auta ya yi dariya har da kwanciya a kan kafet. Ya ce tun farko ya gane, wai kuskurena ma a tsare yake, irin na wanda ya san hanya yake kauce mata. Da ya ga fuskata ta canza sai ya nutsu, ya ce yana da wani aikin da ya fi dacewa da ni. A gwajinsu ana son mutum biyu, ɗaya na tambaya, ɗaya na gefe yana rubuta inda aka tsaya da abin da aka ce. Wai ƙarin girma ya yi min. Na karɓa, don in je in gani da idona.

Muka je. Falonta a sama, kujeru manya an lulluɓe su da leda, ga fanka na kaɗawa. Aka ba ni kujera a gefe da takarda da biro, aka ce kada in yi magana, kada in nuna, ko tari in riƙe. Ya ba ta aikin, ta riƙe wayar da hannu biyu can nesa da fuska. Maɓallin da take nema yana nan ƙarƙashin hancinta, kore shar, tana ta zagaye shi tana shiga inda ba a aike ta ba. Ni kuwa ban rubuta ko harafi ba, fuskar Auta nake kallo. Ta bar maganar likita ta shiga labarin maigidanta marigayi, yadda ya ƙi asibiti har ciwo ya ci shi. Sai na ga Auta ya karkatar da kai yana gyaɗawa a hankali, daidai yadda yake yi min, ba ragi ba ƙari. Nan na gane sauraren nan sana'a ce ya koya, ko wa aka zaunar masa haka zai yi. Ban san lokacin da na miƙe ba, na sa yatsa na danna mata maɓallin, na ce, “Ga shi nan, Hajiya, ba sai an yini ba.” Ta yi min godiya da zuciya ɗaya. Auta ya rufe biro.

A mota ya ce na ɓata gwajin, wurin nan ne suke son sani ko mutum zai gano da kansa, yanzu dole ya sake sabon shiri. Ban ba shi haƙuri ba. Na ce ni manhajarsu ba ta dame ni ba, kishi nake yi, kuma ya gaya min gaskiya, duk zaman da ya yi a gabana aiki ne kawai? Ya ci gaba da tuƙi. Can ya ce aikin ne ya ba shi dalilin zama, don tun yana yaro bai san yadda ake zama da ni hannu rabbana ba, babansu ne mai jawo hira shi ya fake a bayansa. Ya ce amma zai zo ranar Asabar, ba jaka, ba waya, ni kawai zai zo wa.

Ya cika alkawari, ya zo jiya. A kan kujera ya zauna kamar baƙo. Ya tambayi jini, na ce ya sauka. Ya tambayi famfon bayan gida, na ce an gyara. Na tambayi matarsa, ya ce lafiya, na tambayi aiki, ya ce da godiya. Shi ke nan, Yaya, muka ƙare, shayin da na zuba masa ko hucewa bai yi ba. Muka zauna muna jin rediyon maƙwabta. Cikina fal magana, amma ba wanda ya ce in faɗa, shi kuma yana ta kallon tafin hannunsa. Na ga yana ƙoƙari, ya buɗe baki ya rufe, ni ma haka. Bai jima ba ya ce zai wuce. Na leƙa ta taga, ga baƙar jakar a kujerar baya, motar kuma ta karya ta hanyar gidan Hajiyar Bene, zai je ya sake abin da na ɓata. Na san can zai kai la'asar.

Ya ce zai dawo Asabar mai zuwa, kuma na san zai dawo, ba ya saɓa magana. Amma mutum ba ya daɗewa yana zuwa inda zai zauna shiru, wata rana uzuri zai fara. Shi ya sa na rubuto miki. Ke naki samarin sun girma sun yi iyali, amma kullum kina ƙorafin sun cika miki ɗaki da surutu sai kin kore su. Don Allah me kuke cewa? Da me kike farawa in an gama gaisuwa? Kada ki yi min wa'azin kishi, na yi wa kaina ya ishe ni. Ki rubuto min dalla-dalla kamar mai koya wa 'yar aji ɗaya, kin san dai in aka ba ni karatu ina riƙewa.

Ki gaida maigidan da kyau, ki ce ina masa sannu da jinyarki. Ki gaida Dogo da iyalinsa, da Likita, da 'yan biyu, da takwarata mai rigima, ki ce ina nan ina jiran hotonta. Babbar 'yata da mijinta suna gaishe ku. Auta ma da ya san ina rubutu da ya ce a gaishe ki, amma bai sani ba, kuma kada ya ji daga bakinki. Allah ya bar zumunci, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Ki yi ƙoƙari amsarki ta riga shi zuwa.

Taki har kullum,
Ƙanwarki, Malama