Na Shanya Nama Kusa da Zumarka

Zuwa ga Malam, maigidana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan Allah Ya haskaka makwancinka, na zauna ne in faɗa maka wani laifi da na yi. Wata biyu ke nan ina juya shi a raina, kuma a gidan nan babu mai ji sai bango.

Maganar zumarka ce, akwatin nan da ka bari a saman benenmu na unguwar Tremont.

Ka tuna tsiyar da nake maka? Mutum ya baro amyoyin mahaifinsa a itatuwan Ningi, ya zo New York tuƙin tasi, amma sai da ya lallaɓa mai kula da bene ya bar shi ya ajiye ƙudan zuma a rufi. Kana dawowa aiki, kafin ka taɓa tuwo sai ka hau ka kara kunne a jikin katakon. Ka sauko kana murmushi ka ce, "Hajara, suna lafiya." Ni kuwa in ce to ni ma lafiyata ƙalau, tunda ba a tambaya ba.

Ranar da na fita takaba, can na fara zuwa. Na kara kunnena daidai inda kake kara naka. Suna ta guna abinsu, kamar ba a yi komai ba.

Da Babbar Sallah na yi layya yadda ka saba mana. 'Yarmu Ummi ba ta zo ba, aiki ya riƙe ta a Ohio. Ta dai kira, ina Hausa tana Turanci, minti biyar muka gama. Kai ne ka san ƙofofin mutane, kai ke cika leda ka bi unguwanni daga Mount Hope har Parkchester kana rabo. Ni na kai masallaci, na miƙa wa maƙwabciya, firij ya cika, ga nama har yanzu jibge a gabana. Sai na yi abin da Inna ta koya min: na yanyanka shi siri-siri, na barbaɗa gishiri, na hau sama na shanya a igiya. Taku biyar ne tsakaninsa da akwatinka. Wallahi tunanina bai kai can ba, tattabaru kawai nake tsoro.

Kwana biyu sai ga zirnaƙo. Ba irin namu na gida ba, Malam, waɗannan ƙatti ne, ja da rawaya, kowanne ya kusa ɗan yatsana. Na kwashe naman da gudu, ashe na makara, sun riga sun ga hanya. Ɗaya zai tsaya cak a iska a bakin ƙofar akwatin, ya jira zumar da ta dawo kiwo a gajiye, ya cafke ta, ya fige mata fukafukai ya tafi da ita. Na bi su da silifas ina ihu kamar mahaukaciya. Babu wanda ya leƙo.

Na je lambun unguwa na kira tsohuwar nan 'yar Jamaika da kuke hirar zuma da ita. Ta ce asalinsu daga Turai suka shigo ƙasar nan, kuma a ƙarshen zafi ƙamshin nama yana jawo su. Baƙi ne kamar mu, sai dai mu ba mu zo cin kowa ba. Ta ce in rage bakin ƙofar. Sai na tuna da ɗan katakon da kake sawa a bakin ƙofar duk shekara, wanda ban taɓa tambayarka amfaninsa ba. A aljihun rigar sanyinka na same shi. Na daɗe zaune da rigar a cinyata, sannan na hau na sa shi.

Yanzu sanyi ya fara, zirnaƙon sun ɗauke ƙafa. Amma zuman sun ragu ƙwarai, kuma makonnin da suka yi ba sa fita sun cinye ajiyarsu. Tsohuwar ta ɗaga akwatin ta ji ba nauyi, ta ce in ba a ciyar da su ba, ba za su ga bazara ba. Sukari zai yi, amma babu kamar zumarsu.

Ka san kwalba ɗaya ta rage, ta ɗiban ƙarshe, wadda ka rubuta sunana a murfinta da ajami. Ban taɓa buɗe ta ba. Ko da mura ta kwantar da ni, ɗauko ta nake yi in kalla in mayar.

Yau da hantsi na hau da ita. Na juye musu duka, na suɗe abin da ya rage a cokali, na yi kukana na ƙoshi. Na yi kewarka, Malam, kewar da ban san inda zan sa ta ba. Sannan na kara kunne. Sai da na riƙe numfashi kafin in ji su, can ƙasa-ƙasa. Ba zan ce maka suna lafiya ba, amma suna nan.

Ka yafe min. Allah Ya jiƙanka, Ya shayar da kai daga ƙoramun zuma na Aljanna, Ya fitar da ni da su daga wannan sanyi. Amin.

Na wanke kwalbar, amma ban bar ruwa ya taɓa murfin ba.

Matarka,
Hajara